Rabin Tudun Wardoyo

Wardoyo bai taɓa ganin jirgin ƙasa ya ratsa garinsu ba. Kafin ya yi wayo an rufe layin da ke bin kwarin kogin Serayu, aka bar dogo yana tsatsa, mata na shanya rogo a kai, awaki na kwanciya tsakanin katakai. Duk abin da ya sani game da jirgi daga bakin mahaifinsa ya ji, Pak Marsudi (Pak kamar Malam ne a wajenmu), wanda ya yi aikin tsare mararrabar dogo har zuwa ranar da aka ce masa babu sauran abin tsarewa. Tsohon ya koma noman shinkafa, amma har ya bar duniya, in babbar mota ta yi ƙaho daga nesa sai ya miƙe tsaye. Da ya rasu aka binne shi a kan tudun gabashin gari, wanda layin ke zagaye gindinsa kafin ya nufi gada.

'Ya'ya biyu ya bari. Kuswanto, babban, ya zauna a gida ya koyi tuƙin katafila. Wardoyo ya haye teku zuwa Batam, ya shekara da shekaru a masana'antar kayan lantarki, yana liƙa ƙananan ƙarafa a kan allo har idonsa ya saba da abin da bai kai ƙwayar gero ba. Yana can aka sayar da tudun ga masu ɗibar ƙasa da dutse, aka ce kowa ya zo ya kwashe mamatansa zuwa sabuwar makabarta. An yi masa waya. Ya ce an hana shi hutu. Wannan maganar ya riƙa gaya wa kowa har shi kansa ya kusa yarda da ita, alhali bai ma nemi hutun ba. Tsoron ganin ƙashi yake yi, kuma a lokacin ne yake neman auren Ningrum. Cikin katafilolin da suka cinye tudun har ƙasa, ɗaya Kuswanto ne a kanta.

Da ya dawo gida ya buɗe shagon fotokwafi daura da makarantar sakandare, Ningrum na soya tempe, wato wainar waken soya, a ƙofa tana sayar wa ɗalibai. Shi da yayansa ba su taɓa sa-in-sa ba. A wajenmu ƙane ba ya ja da yaya. Murmushi yake yi, ta ciki na ciki. Suna gaisawa a masallaci, suna haɗuwa wajen biki da zaman makoki. Sai dai duk shekara kafin azumi, ranar da dangi ke zuwa share kaburbura, injin Wardoyo kan lalace, dole ya tsaya jiran mai gyara.

Wasan tuƙa jirgi a kwamfuta ya same shi ne yana da furfura a gemu. Pak Prasojo, tsohon malamin labarin ƙasa da ya yi ritaya, shi ya tara masu sha'awar wasan, ya ce su gina mataccen layin nan a cikin kwamfuta yadda yake a zamanin da jirgi ke bi, tasha-tasha, gada-gada, domin kowa ya samu ya tuƙa. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya yanka taswirar kwarin murabba'i-murabba'i kamar yadda ake yanka tempe, ya ba kowa fegi. A kwamfuta ƙasa raga ce, kowane ƙulli da lambar tsayinsa. Ka ja ƙulli sama ya zama tudu, ka danna shi ya zama rafi. A tsakiyar feginka babu mai ce maka don me. Wahalar a baki take. Inda naka ya haɗu da na maƙwabci, dole ƙullayen bakinka da nasa su zo tsayi ɗaya, in ba haka ba ƙasa ta tsage, mai tuƙi ya hango shuɗin wofi ta ƙarƙashin duniya, dogo ya ƙi gamuwa da dogo, jirgi ya taho da gudu ya afka. Saboda haka suka yi doka: kowa ya bar siririn tsiri a bakin feginsa, ba gida ba bishiya, sai maƙwabta sun daidaita. Galengan suke ce wa tsirin, sunan kunyar da ke raba gonar shinkafa da gona, wadda tun kaka da kakanni ake ɓatawa a kanta. Kuma da yake mu ne, suka ƙara da cewa in an sami saɓani, wanda ya fi shekaru shi ne zai faɗi tsayi, ƙarami ya bi.

A nan Wardoyo ya sami abin da Batam ta horar da shi dominsa. Ya kan zauna bayan an tashi makaranta, shago ya yi shiru, ya bi bakin fegi ƙulli bayan ƙulli. Ba ya haɗa tudu da kwari da ƙarfin tsiya. Sai ya ja gangaren can cikin fegi yadda ido ba zai kama ba. Ya cakuɗa launin ciyawar wannan da na wancan, ya karkatar da 'yar hanyar ƙafa ta tsallaka iyaka, ya sa inuwar ayaba ta faɗa kan mahaɗin. Jumadi mai gyaran babur, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya raɗa masa suna Tela, don ya ce ɗinkinsa ko surukar da ta zo neman aibu ba za ta gani ba. Duk wanda feginsa ya tsage, wurin Tela ake aika shi.

Sai ciwon baya ya kama Kuswanto. Shekarun katafila suka biyo bashinsu, ya zauna a gida, ba aiki sai kallon kaji. Wardoyo ya ɗauki tsohuwar kwamfutar cinya ya kai masa, ya koya masa jan ƙulli da shimfiɗa dogo, ya roƙi Pak Prasojo a ba yayan nasa fegin da ke gabas da nasa. Mutane suka yi ta sa albarka, suna cewa ɗan'uwa rabin jiki. Babu wanda ya lura cewa Wardoyo ya riga kowa nazarin taswirar, kuma ya ga inda layin yanka ya bi: daidai ta ƙoƙon tsohon tudun, rabi a feginsa, rabi a na gabas.

Lambobin tsayi daga tauraron ɗan'adam ake sauko da su, shi kuwa tauraro abin da ke ƙasa yau yake gani, fili fetal. Don haka Wardoyo ya ajiye su, ya gina nasa rabin da hannu, daga abin da ya tuna. Ya dasa itatuwan katako a gangare, ya zuba fararen furannin makabarta, ya jera kaburbura. Na mahaifinsa daban ya ƙera shi, da sunan a jikin dutse, ya ɗora shi a ƙoli, ya kulle tsayinsa don kada ya motsa in yana gyaran ƙasar da ke kewaye. Abin da yake so ke nan, kuma ya faɗa wa kowa: tudun ya tsaya a cikin layin, tunda yana nan a zamanin jirgi. A wannan kam gaskiya ce da shi.

Kuswanto ya sauko da lambobin tauraro ya shimfiɗa yadda suka zo. Fili, ciyawa, 'yan kududdufai.

Ranar da Pak Prasojo ya haɗa fegin biyu a barandarsa, suna zaune ana shan shayi, sai ga tudu ya hau ya hau, ya kai ƙoli, ya yanke ƙiris, bango tsaye mai tsayin bishiyar kwakwa, ta ƙasansa shuɗi na leƙowa.

"Mas Tela," in ji Jumadi, don Mas muke ce wa yaya ko wanda ake girmamawa, "wannan tudu ne ko burodin da aka ci rabi? Wa ya cinye ɗaya ɓarin?"

Aka yi dariya, ban da mutum biyu. Jumadi ya tuna wa ya cinye, ya cusa tempe a baki.

Pak Prasojo ya bi 'yan'uwan biyu ɗaya bayan ɗaya, don ba a tambayar mutum irin wannan a gaban jama'a. Kuswanto ya ce shi abin da na'ura ta ba shi ya sa, bai san ƙari ba, amma duk yadda manya suka gani. Wardoyo ya sunkuyar da kai ya ce to, zai duba. Babu wanda ya ce a'a, don ba a cewa a'a a fuskar malami. Babu kuma wanda ya taɓa ƙulli ko ɗaya. Damina ta yi nisa, sauran fegi suka haɗu tun daga tashar farko har ta ƙarshe, wannan gaɓa kaɗai ta rage. A zauren waya na ƙungiya kowa na zagaye maganar kamar kashin shanu a hanya. Wani ya aiko hoton gada, wani ya tambayi lafiyar bayan Mas Kus, wani ya ce Allah dai ya nuna mana ranar buɗewa.

Ningrum ce ta faɗa wa Wardoyo, wata rana da azahar, tana tsame tempe daga mai, ba ta ko juyo ba.

"Tarko ka ɗana masa, Mas Yo."

Ya ce wace irin magana ce wannan, shi da ya kai wa mutum kwamfuta har gida. Tarihi ake ginawa, tudun kuwa yana cikin tarihi, kowane tsoho a garin nan shaida ne.

"To ka karɓi fegin ka gina da kanka mana. Kai ne Tela. Yini nawa zai ɗauke ka?"

Ya juya yana jera takardu, ita kuwa ta ci gaba.

"Ba tudu kake so ba. So kake ya zauna da ciwon bayansa ya mayar da shi cokali-cokali, kana kallo. Ni na san inda kake ranar da aka kwashe Baba, don tare muke, muna cin gasasshen kifi a bakin teku. Kai ka ce kada in gaya wa kowa."

Ya ce mata man yana ƙonewa. Ta ce man lafiyarsa ƙalau.

Duk da haka ya je gidan yayan nasa a makon. Suka zauna a tabarma, suka yi maganar ruwan sama, da ɓeran da ya addabi gonaki, da wani mai tausa a ƙetaren kogi da ake cewa hannunsa na da sa'a. Kwamfutar na ajiye a kan kabad, an lulluɓe ta da ƙyalle. Wardoyo yana jira a kira shi Dik, yadda babba ke kiran ƙane, a ce masa, yaya za mu yi da tudun nan? Ko tambayar kaɗai da ta ishe shi, haka yake gaya wa kansa. Shayi ya huce, aka sake zubawa, ya yi sallama ya tafi.

Shi ma Pak Prasojo da tasa a ƙasa. Ya ji labarin wasu samari a wani birni sun fara gina layin nan, kuma ba zai yarda baƙi su riga 'yan gida ba. Mutumin da ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan garin nan ya san bambancin amincewa da kunya sarai. Amma ya zaɓi ya ji abin da yake so ya ji: babba ya ce duk yadda aka gani, ƙarami ya ce to, doka kuma ta ce tsayin babba ake bi. Ya buɗe fegin Wardoyo, ya danne tudun ya kwanta daidai da filin Kuswanto, ya ja zobe ya share itatuwa da kaburbura a tashi ɗaya. Daga sama yake kallo, kamar yadda malamin taswira ya saba, kuma daga sama komai ya yi lumui. Bai gaya wa kowa ba, wai don kada ya kunyata wani. Saƙo kawai ya aika: alhamdu lillahi, an daidaita.

Wardoyo ya karanta saƙon a tsaye gaban injin kwafi. A zatonsa yayansa ya sauko. Ya ga Kuswanto a ransa, ya cire ƙyallen nan, yana jan ƙullaye sama ɗaya bayan ɗaya. Daɗi ya kama shi, irin daɗin da ba a so a gan ka da shi. Har ya saya masa man zafi mai kyau na shafa wa baya, ya sa a aljihu ranar buɗewa.

Lahadi ce bayan la'asar, ana gab da azumi. An rataya farin zane a zauren gari, an aro majigi daga makaranta. Tsofaffin da suka hau jirgin na gaske suka zauna a gaba, mata na raba shayi, yara sun cika tagogi. Jumadi ne direba, har da hular aro. Jirgi ya yi ƙaho ya tashi, wata tsohuwa ta share ido da bakin mayafi. Gonaki suka wuce, kasuwa ta wuce, kowa na nuna gidan kakansa. Ko girgiza babu a inda fegi ya gamu da fegi. Suka wuce mararrabar Pak Marsudi, layin ya fara lanƙwasa gabas, Wardoyo ya gyara zama.

Babu tudu. Fili ne har gada, kore shar, dogo na zagaye abin da babu.

Sai can a sama, inda ƙolin yake a da, wani ɗan abu fari yana tsaye a iska, babu abin da ya riƙe shi.

Yara suka fara dariya. Jumadi ya taka birki ya ce wane ne ya shanya akwati a sararin Allah, ya ja hoton kusa don a ƙara dariya. Abin ya cika zanen. Kabari ne, da dutsensa, da 'yan furanni a kai, ƙasansa a buɗe. Tsofaffin gaba suka karanta sunan, leɓunansu na motsi. Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya.

Kuswanto ya dafa sandarsa ya tashi, ya fita ta ƙofar gefe. Wardoyo ya bi shi. Suka tsaya a jikin bango inda ake ajiye babura. Babu wanda ya ɗaga murya. Wanda ya wuce zai ɗauka maganar taki suke yi.

"Ni na shiga ramin, Dik," in ji Kuswanto. "Likkafanin ya narke. Da yatsuna na tsince shi cikin laka, na naɗe a sabon yadi. Bai kai nauyin ɗan akuya ba. Duk bas ɗin da ta tsaya a bakin titi sai na ɗaga kai in ga ko kai ne."

"Kai ka tuƙa katafilar, Mas."

"Ni ne. Da ban hau ba wani zai hau, kuma wani ba zai kashe inji ya jira a gama kwashe mutane ba." Ya numfasa, ya sauya ƙafa saboda bayan. "Tun ranar da ka kawo min kwamfutar na ga taswirar. Ka ɗauka ban gane ba? Naka tudun ma ba daidai yake ba, ya fi haka faɗi ta kudu, kuma Baba ba a ƙoli yake ba, a gangare yake kusa da Inna. Na san shi ciki da waje, ni na buɗe shi. Shi ya sa ba zan gina ba."

Hannun Wardoyo na aljihu, a kan kwalbar man zafin, bai fito da ita ba.

Pak Prasojo ya same su yana murza hannu, ya yi ta ba da haƙuri, ya ce tsufa ne, ido ne, laifinsa ne shi kaɗai. Ya daɗe yana zagaye kafin ya iso inda za shi: abin a kulle yake, mai shi ne kawai zai iya taɓawa, ga mutane na jira, ga magariba na matsowa. Ko a sauko da shi ƙasa, ko dai yadda Dik Wardoyo ya gani.

Wardoyo ya koma ciki, ya zauna a kujerar Jumadi, garin duka na kallon bayansa. Ya buɗe kullen. Ya yi tunanin saukowa da shi, sai ya ga inda zai sauka: tsakiyar filin da katafila ta bari, gefen kududdufi, wurin da mahaifinsa bai taɓa kwanciya ba. Ya danna sharewa. Sama ta koma shuɗiya. Wani ya yi gyaran murya, Jumadi ya karɓi kujerarsa, jirgi ya ci gaba ya haye gada.

Layin ya fita kafin Sallah, ya riga na samarin birni. Mutanen da ba su taɓa taka kwarin Serayu ba suka sauke shi a kwamfutocinsu suka tuƙa, suna yabon yadda ƙasar ta haɗu kamar hannu ɗaya ne ya yi ta. A gari kuma aka riƙa yabon Wardoyo, ƙanen kirki da ya bar wa yayansa. Ranar Sallah ya durƙusa gaban Kuswanto kamar kowace shekara, ya nemi gafarar abin da ya sani da wanda bai sani ba. Kuswanto ya dafa kafaɗarsa ya ce shi ma a yafe masa, tsoho ba ya rasa kuskure. Aka ci abinci.

Bayan Sallah wata jikar Kuswanto ta kawo kwamfutar nan har shago, a naɗe cikin ƙyallenta, ta ce Kaka ya ce zama gabanta na tayar masa da baya, ya gode. Pak Prasojo, wanda har yanzu ba ya iya haɗa ido da Wardoyo, ya ce tunda haka ne fegin gabas ya zama nasa, za a fitar da gyararren layi nan gaba, ya yi duk abin da ya ga dama. Babu babba a iyakar yanzu, babu wanda zai faɗi tsayi.

Ya buɗe fegin biyu wata rana da yamma, bayan ɗalibai sun watse. Ga filin a gabansa, daga mararraba har gada, duka nasa. Ya san faɗin ta kudu yanzu, ya san inda kabarin ya kamata ya zauna. Ya kama ƙulli ɗaya a tsakiya ya ja shi sama, ƙasa ta biyo shi, ta yi tsini kamar tanti. Ya daɗe yana kallonsa. Ningrum na kankare kasko a waje, ba ta leƙo ba. Sai ya mayar da ƙullin inda yake, ya duba lambar ta zo daidai da ta maƙwabtansa, ya rufe, ya tashi ya zuba takarda a inji saboda gobe akwai jarrabawa.